EXPORT_SYMBOL_GPL

EXPORT_SYMBOL_GPL wata alama ce da ake rubutawa a cikin kanel ɗin Linux domin iyakance waɗanda za su iya amfani da wani aiki na cikinsa. Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta, wanda ke rarraba memori da lokacin aiki tsakanin manhajoji, kuma shi ke magana da na'urori kai tsaye. Duk aikin da aka sanya wa wannan alama, babu modul ɗin da zai iya kiran sa sai wanda ya bayyana cewa lasisinsa ya dace da GPL. Wani ɓangare na taƙaddamar da aka yi a kan alamar ya shafi ayyukan sarrafa memori ne.

Asali

Linus Torvalds ya fara Linux a shekarar 1991 a Helsinki, ƙasar Finland, kuma a 1992 ya mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL. Sigar lasisin ta biyu, wadda kanel ke kai har yau, ta sharɗanta cewa duk wanda ya rarraba manhajar da ya samo daga wannan aiki, wajibi ne ya bayar da rubutun tushenta a kan sharuɗɗa iri ɗaya.

Modul wani guntun manhaja ne da ake cusawa cikin kanel yayin da kwamfuta ke aiki, galibi direban na'ura, kamar katin hoto ko na Wi-Fi. Wasu kamfanoni suna fitar da modul ɗinsu a rufe, ba tare da rubutun tushe ba. Daga nan tambaya ta taso: shin irin wannan modul aiki ne mai zaman kansa, ko kuwa reshen kanel ne da GPL ta hau kansa? A 2001, a jerin sigar 2.4, aka shigo da MODULE_LICENSE da EXPORT_SYMBOL_GPL domin marubutan kanel su nuna matsayinsu a kan wannan tambaya.

Yadda take aiki

Modul ba ya ganin duk ayyukan kanel, sai waɗanda aka fitar masa da gangan. Hanyoyin fitarwa na asali biyu ne. Aikin da aka fitar da EXPORT_SYMBOL, kowane modul na iya kiran sa. Wanda aka fitar da EXPORT_SYMBOL_GPL kuwa, sai modul ɗin da ya rubuta "GPL", "Dual BSD/GPL", "Dual MIT/GPL" ko makamancinsu a cikin MODULE_LICENSE. Idan rufaffen modul ya nemi aiki irin na biyu, kanel zai ƙi loda shi.

Rufaffen modul ɗin da bai taɓa waɗannan ayyuka ba yana lodawa, amma kanel zai yi wa kansa shaidar gurɓata da harafin P. Masu gyaran kanel sukan ƙi duba rahoton matsalar da ke ɗauke da wannan harafi, tunda ba za su iya karanta abin da modul ɗin ya yi wa memori ba.

Ayyukan memori

Ayyukan yau da kullum na neman memori da mayar da shi, kamar vmalloc da vfree da kfree, a buɗe suke ga kowa. Masu zurfi kuma, irin su mmu_notifier da ke sanar da direba idan taswirar memori ta canja, an keɓe su ga GPL. Hujjar ita ce, wanda ya kutsa can ciki har haka ba zai ce aikinsa ba ya jingine da kanel ba.

A 2012 kamfanin NVIDIA ya nemi a cire wannan iyaka daga dma-buf, tsarin da ke bai wa direbobi damar yin tarayya a kan yanki ɗaya na memori, wanda ya shiga sigar 3.3. Kamfanin na buƙatarsa ne saboda fasahar Optimus ta kwamfutocin hannu masu katin hoto biyu. Alan Cox da wasu suka ƙi, aka bar iyakar yadda take.

A 2018 an sake yin irin wannan muhawara a kan HMM, tsarin da Jérôme Glisse ya rubuta domin haɗa memorin na'ura da na kwamfuta. Dan Williams ya nemi a mayar da devm_memremap_pages na GPL kaɗai. Glisse bai amince ba, amma canjin ya shiga sigar 5.0.

Yunƙurin kewayewa

A 2004 an gano kamfanin Linuxant ya rubuta "GPL" sannan ya saka harafin da ke yanke karatu, ya ci gaba da bayanin cewa wasu fayiloli ne kawai lasisin ya shafa. Kanel yana karanta kalmar farko ya tsaya. Wata dabarar ita ce a sanya ƙaramin modul mai lasisin GPL ya zama ɗan aike tsakanin kanel da rufaffen modul. Christoph Hellwig ya toshe ta a sigar 5.9 ta 2020: modul ɗin da ya dogara da rufaffe, shi ma ana ɗaukarsa rufaffe. A sigar 6.6 ta 2023 aka ƙara taƙaita symbol_get saboda dalili ɗaya. A Mayun 2022 NVIDIA ta fitar da buɗaɗɗun modul masu lasisin MIT da GPL don katunanta daga jerin Turing zuwa sama.

Suka

Masu suka na cewa alamar ra'ayin marubuci ce, ba hukuncin kotu ba. Ƙarar da Hellwig ya shigar da VMware a Hamburg ta Jamus a 2015 an kore ta a 2016, ɗaukaka ƙarar ma ta faɗi a 2019, ba tare da an warware ainihin tambayar ba. Haka kuma iyakar tana shafar buɗaɗɗun manhajoji. ZFS, mai lasisin CDDL da bai dace da GPL ba, ya samu cikas a 2019 lokacin da sigar 5.0 ta janye wasu ayyukan lissafi da yake amfani da su.

A Najeriya

Wayoyin Android, ciki har da Tecno, Infinix da itel da suka cika hannun jama'a daga kasuwar Farm Centre ta Kano zuwa unguwar Tudun Wada a Sakkwato, duk kan kanel ɗin Linux suke aiki, tare da direbobin kamfanonin da suka ƙera kayan cikinsu. Rufaffen direba yana ɗaure ne da sigar kanel ɗin da aka gina shi dominta. Idan kamfani ya daina sabunta shi, mai gyaran waya ko ɗalibin kwamfuta ba shi da hanyar daidaita shi da sabon kanel, sai wayar ta tsaya kan tsohuwar manhaja alhali jikinta lafiya ƙalau. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, tana kare manhajar kwamfuta a matsayin rubutaccen aiki, kuma kan haƙƙin mallaka GPL ta dogara.