Katyn: Yadda wasiƙun iyalai suka ƙaryata gwamnati

A gidaje da dama na ƙasar Poland, tarihin Yaƙin Duniya na Biyu cikin akwati yake: hoton kaka sanye da kakin soja, da wasiƙun da ya aiko daga sansanin fursunonin yaƙi na Kozelsk ko Starobelsk a Tarayyar Soviet. Abin da ya fi komai daraja a jikin wasiƙun shi ne kwanan wata.

A ranar 5 ga Maris, 1940, Stalin da muƙarrabansa suka amince a kashe fursunonin Poland da ke hannunsu. Jami'an tsaro na NKVD suka harbe kimanin mutum 22,000, yawancinsu hafsoshi da 'yan sanda, a dajin Katyn da wasu wurare. A Afrilun shekarar aka kwashe dubban mata da 'ya'yansu zuwa Kazakhstan. Ke nan gida ɗaya tarihi biyu yake ɗauke da shi: na sojan da aka harbe, da na matar da aka cusa cikin taragon jirgin ƙasa.

Da Jamusawa suka tono kaburburan a 1943, Moscow ta ce ai su Jamusawan ne suka yi kisan a 1941. Gwamnatin kwaminisanci ta Poland ta rungumi wannan ƙarya, har masu tace labarai suka hana buga 1940 a matsayin shekarar rasuwar mamatan. Sai dai kowace bazawara ta san lokacin da wasiƙu suka daina zuwa, kuma duk a farkon 1940 ne, sama da shekara guda kafin sojan Jamus ya taka yankin. Ajiye irin wannan takarda a lokacin ba ƙaramar kasada ba ce.

Sai a ranar 13 ga Afrilu, 1990 Moscow ta amsa laifinta.

Yau barazanar iri biyu ce. Takarda na ruɓewa, jikoki na zubar da abin da ba su san darajarsa ba. Shi ya sa cibiyar KARTA da gidan tarihin Katyn da ke Warsaw suke karɓar irin waɗannan kayan gado daga iyalai. Ɗaya barazanar ta fi muni: a Disamban 2021, Kotun Ƙolin Rasha ta ba da umarnin rushe ƙungiyar Memorial, wadda ta shafe shekaru tana tattara sunayen waɗanda aka kashe.