Dillancin Intanet: Yadda Ake Zaɓen Fannin da Zai Kawo Riba

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kara ranar kasuwa ya ga dillali. Ba shi da saniya ko ɗaya cikin waɗanda ke ɗaure a gabansa, amma shi ne zai kama hannun mai saye ya kai shi wurin mai dabba, ya tsaya tsakaninsu har a sallama. In ciniki ya faɗa, sai a ba shi la'adarsa. Haka iyayenmu mata suka san dillaliya mai shiga gida gida da zannuwa da kwanuka.

Yanzu wannan tsohuwar sana'a ta shiga wayar hannu. Matasa suna kiranta afiliyet, mu kuwa za mu kira ta dillancin intanet. Mun ga ya dace mu yi bayaninta domin da yawa cikin ɗalibanmu masu fita bana za su zauna gida wata da watanni suna jiran sakamako da gurbin karatu, ga waya a hannu, ga masu yi musu romon baka cewa za su yi kuɗi suna barci. Wanda ya shiga da ka zai ƙone ɗan kuɗin da iyayensa suka ba shi, wani lokaci har ya ɓata sunansa a gari.

Yadda abin yake aiki

Kamfanin da ke sayar da kaya ta intanet yakan yi wa mutum rajista, ya ba shi wani mahaɗi mai ɗauke da lambarsa. Mutumin sai ya yi rubutu ko bidiyo game da kayan, ya sa mahaɗin a ƙasa. Duk wanda ya latsa ya saya, kamfani zai gane ta hannun wa ya zo, ya biya shi kamasho. Dillali ba ya ajiye kaya, ba ya kai su, ba ya karɓar kuɗin mai saye. Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe irin wannan tsari tun 1996, kuma shi ya sa abin ya yaɗu a duniya. A nan gida, Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, su ma sun buɗe nasu. Yawancin kamfanoni ba sa yi wa wanda bai kai shekara 18 ba rajista, saboda haka ƙannenmu na ƙananan azuzuwa su karanta don sani, su jira lokacinsu.

Me ya sa sai an zaɓi fanni?

Dillalin shanu ba ya dillancin atamfa. A Kano, mai neman hatsi Dawanau zai nufa, mai neman yadi kuwa Kantin Kwari. Kowane dillali da layinsa, kuma a layin nan aka san shi, aka yarda da maganarsa. Kuskuren farko na sabon shiga shi ne ya tallata takalmi yau, gobe man shafawa, jibi injin niƙa. Mutane ba za su san abin da za su tambaye shi ba, domin bai ƙware a kome ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Fanni shi ne ƙaramin yanki na kasuwa mai mutane sanannu da bukata sananniya. "Kayan lantarki" ya yi faɗi, manyan kamfanoni sun cika wurin. "Fitilar sola da ƙaramin batir don ɗalibi mai karatun dare" fanni ne. "Noma" ya yi faɗi. "Kayan kiwon kaji ga mai kaji hamsin a bayan gida" fanni ne. Kafin ku tsai da shawara, ku amsa tambayoyi huɗu.

Ta ɗaya: me ka sani?

Ɗauki takarda ka rubuta tambayoyi ashirin da mai saye zai iya yi maka a fannin da kake so. In ka iya amsa goma sha biyar ba tare da ka kwafo daga wani ba, kana da abin farawa. Ɗalibar da ta yi shekara uku tana kula da kajin gonar makaranta ta san wace mazubar ruwa ke jiƙa ɗaki, ta san ranar da ake canja wa 'yan tsaki abinci. Wanda ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa ya san tsirkiyar da ke saurin tsinkewa. Wannan sani shi ne jarinku. Akwai kuma wata dama: bayanin kaya da Turanci ya yi yawa a intanet, amma da Hausa kaɗan ne, da sauran harsunanmu kuwa ya fi ƙaranci. Wanda ya iya yi wa manomi bayanin injin feshi da harshen da yake ji ya sami layin da ba cunkoso.

Ta biyu: mutane suna fid da kuɗi a kansa?

Sha'awa dabam, saye dabam. Dubban mutane za su kalli hoton mota mai tsada, amma ba mai latsawa ya saya. Abin nema shi ne matsalar da ta riga ta sa mutane cire kuɗi daga aljihu: rashin wuta, shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, abincin dabbobi, kayan ɗinki. Ku tambayi mutum goma da kuka sani abin da suka saya cikin wata uku da suka wuce, da inda suka sayo shi. In duka goman a shagon bakin titi suka saya da araha, ba za su bi mahaɗinka su biya kuɗin kawowa ba.

Akwai wani shafi na kyauta mai suna Google Trends da ke nuna yadda neman wani abu ke hawa da sauka cikin shekara, har ana iya zaɓen Nijeriya a duba jiha jiha. Zai nuna muku cewa wasu kayan suna da lokacinsu. Fanka tana tafiya da bazara, rigar sanyi da hunturu, taki da iri gab da damina, kayan kiwon kaji kuma watanni kaɗan kafin Kirsimeti da Salla. Fanni mai lokaci ba laifi ba ne, sai dai mutum ya san abin da zai tallata a sauran watanni.

Ta uku: lissafin ya fita?

A nan ne darasin lissafi zai yi muku rana. Lambobin da ke biye na misali ne kawai, kowa ya sa nasa bayan ya duba ainihin farashi da kamasho.

A ce littafi naira 3,000 ne, kamasho kashi 5 cikin ɗari. La'adarka naira 150 ke nan. A ce mutum 1,000 suka latsa mahaɗinka cikin wata, 20 suka saya. Ka sami naira 3,000. In ka sayi data ta naira 5,000 a watan, ka faɗi da naira 2,000, ban da lokacinka.

A ce kuma fitilar sola naira 40,000 ce, kamasho kashi 5. La'ada naira 2,000. Da yake tana da tsada, a ce mutum 5 kaɗai suka saya cikin 1,000 ɗin. Ka sami naira 10,000, an cire data, saura 5,000. Masu saye sun ragu sau huɗu, amma riba ta fito.

Wannan ba ya nufin kullum mai tsada ya fi. Kaya mai araha da ake sake saye kowane wata, kamar abincin kaji, zai iya fin wanda ake saye sau ɗaya a shekara biyar. Abubuwa uku ake ninkawa: yawan masu latsawa, kason masu saye a cikinsu, da la'adar kowane ciniki. In ɗaya ya yi ƙasa ƙwarai, sauran biyun ba za su cece shi ba. Ku lura kuma, samun mutum 1,000 masu latsawa ba aikin mako ɗaya ba ne.

Ta huɗu: kaya za su iso, kuɗi za su fito?

Ku karanta sharuɗɗan kamfani tun daga farko har ƙarshe. Yana kai kaya garin da mutanenka suke? Ta wace hanya yake biya, kuma bankinka na karɓa? Nawa ne sai ya taru kafin a biya ka? In mai saye ya mai da kaya, kamasho yakan soke. Akwai kuma wa'adi: in mutum ya latsa, shafin yakan ajiye 'yar alama a wayarsa, wadda ke ƙarewa bayan ɗan lokaci. A Amazon awa 24 ce, kuma sabon dillalin da bai kawo ciniki uku cikin kwana 180 ba ana rufe rajistarsa. Mutanenmu kuwa sukan yi shawara da gida, su jira albashi kafin su sayi abu mai tsada. Ga irin waɗannan kaya, kamfani mai dogon wa'adi ya fi mai babban kamasho da gajeren wa'adi.

Fannonin da za a guje wa

Za ku lura cewa inda kamasho ya fi tsoka sau da yawa can ne haɗari yake: caca, bashin waya mai ruwa mai yawa, da magungunan da ake cewa suna warkar da kowace cuta. Ruwa ba ya tsami banza. Kada ku tallata abin ci ko sha ko shafawa da ba shi da lambar NAFDAC, kada kuma ku faɗi abin da kaya ba sa yi. Dattijon da ya bar maganin asibiti saboda bidiyonka, ba la'adar da za ta biya ransa.

Ku kuma bambanta dillanci da tsarin nan na "kawo mutum biyu". A dillanci na gaskiya, kuɗi daga sayar da kaya yake fitowa, kuma manyan kamfanoni ba sa karɓar kuɗin rajista. In aka ce ka biya kafin ka shiga, kuma ladanka yana kan mutanen da ka jawo su ma su biya, to, kuɗin na baya ake ba na gaba. Manya cikinmu ba su manta da MMM ba, wanda ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ya bar iyalai da yawa da hawaye. Abin da ya fi ciwo shi ne da yawa cikin waɗanda suka shiga, ɗan'uwa ko abokin ibada ne ya jawo su. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gwada kafin ka zauna

Bayan ka zaɓi fanni, ba shi wata uku. Yi bayani guda biyu kowane mako, kowanne yana amsa tambaya ɗaya. Ajiye littafi ka riƙa rubuta abin da ka kashe, yawan masu latsawa, da cinikin da ya faɗa. In ana kallo ba a latsawa, bayaninka ne bai gamsar ba. In ana latsawa ba a saye, duba farashi da kuɗin kawowa. In wata uku suka cika ba motsi, canja fanni ba abin kunya ba ne.

Kada kuma ka rataya rayuwarka ga kamfani ɗaya. A watan Afrilu na 2020 Amazon ya rage kamashon kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, na kayan abinci daga kashi 5 zuwa 1. Waɗanda suka dogara da shi kaɗai a waɗannan fannoni sun wayi gari da ƙasa da rabin abin da suka saba samu. Fanni mai kyau shi ne wanda masu sayarwa biyu ko uku ke da kayansa.

Daga ƙarshe, ka faɗa wa mutane a fili cewa kana samun la'ada in sun saya ta hannunka. A Amurka hukumar kula da ciniki ta wajabta haka, mu kuwa tarbiyya ta riga ta wajabta mana. Faɗi aibin kaya kamar yadda kake faɗin kyansu. Dillalin da ya ɓoye cewa saniya tana da ciwo ya ci la'adar rana ɗaya, amma mako mai zuwa ba mai kama hannunsa a kara.

Ga ɗalibanmu masu fita, shawararmu ita ce ku ɗauki wannan sana'a a matsayin abin yi na gefe, kada ta hana ku neman gurbin karatu ko koyon aikin hannu. Ga iyaye da malamai kuma, in yaro ya zo neman kuɗin data don dillanci, kada a kore shi, kada kuma a miƙa masa haka kawai. A zaunar da shi, a ba shi takarda da biro, ya amsa tambayoyin nan huɗu. Allah ya ba da sa'a.