Sabon Gida, Tsohuwar Ƙasa: Tambayoyin da Mai Saye Ke Mantawa a Ƙauyukan Jega

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Aliero ya shiga Jega, sannan ya miƙe kudu zuwa Maiyama da Koko, ya ga yadda bakin garuruwa ke sauya kama. Inda a da gero da dawa ke tsaye, yanzu bulo ne a jere, ga kwano yana ƙyalli, ga ƙofar ƙarfe an shafe ta da fenti. Yawancin waɗannan gidaje masu su ne suka gina don su zauna. Amma akwai waɗanda tun daga fandisho an gina su ne don a sayar, kuma wannan baƙon abu ne a wannan yanki.

A ƙauye irin Alelu, da ke ƙaramar hukumar Jega, gida bai taɓa zama haja ba. Saurayi in ya tashi aure, uba ne ke yanka masa wuri a cikin gida, ko mai gari ya nuna masa fili a gefen gari. A kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a kira gayya, a ɗora azara ko a yi jinka. Gida ko dai ka gada ko ka gina. Wanda aka ji ya sa gidansa a kasuwa, to ana ganin ko karayar arziki ce ta same shi ko zai bar garin ne.

Kuɗi ne suka kawo sauyin, kuma an san hanyoyin da suka biyo. Albasar Aliero ta daɗe tana cika manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan. Noman shinkafa ya ƙara ƙarfi bayan shirin bai wa manoma rance da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ta jawo malamai da ma'aikata da ɗalibai, kowa na neman wurin kwana. Ga 'yan gari da ke fatauci a Legas ko Abuja suna son wurin sauka in sun zo Sallah, ga ma'aikacin da ya ajiye aiki yana son komawa kusa da dangi, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Da farashin buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, mutane da yawa sun ga gara su biya kuɗi a dunƙule su karɓi makulli da su fara ginin da ba su san ranar gama shi ba.

Ban ga laifin wannan lissafi ba. Abin da na ga ana mantawa shi ne, ginin ne kawai sabo. Ƙasar da aka ɗora shi a kai tana da tarihi: akwai waɗanda suka noma ta, akwai waɗanda suka gaje ta, akwai kuma ruwan da ya saba bi ta kanta. Mai saye yakan shafe awa guda yana duba tayil da silin, amma bai yi tambaya ko ɗaya a kan wannan tarihi ba.

A fara da abin da doka ta ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Arewa wannan ba sabon zance ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turba suke. Ma'anarsa ita ce, abin da mutum ke saye a idon hukuma haƙƙin zama ne da amfani, ba ƙasar kanta ba. Yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana hannunsa kai tsaye. Abin da ke wajen wannan iyaka, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya a kansa, kuma sashe na 21 na dokar 1978 ya ce ba a sauya masa hannu sai da amincewarta. Sashe na 26 ya ƙara da cewa cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Akwai ma sashe na 36, wanda ya hana yanka tsofaffin gonakin karkara zuwa fulotai, duk da cewa kullum ana yi, kuma awon igiya ya zama ruwan dare.

To me ke hannun yawancin masu gidaje a ƙauye? Takardar ciniki, mai ɗauke da sunan mai sayarwa da mai saye, da shaidu, da sa hannun mai unguwa ko dagaci, wani lokaci da hatimin uban ƙasa. Kada a raina wannan takarda. Ita ce ke nuna an yi ciniki a bainar jama'a, kuma alƙali yana duba ta. Sai dai ba ta kai takardar ƙaramar hukuma ba, balle shaidar mallaka da gwamna ke sa wa hannu. Ranar da aka zo faɗaɗa titi ko kafa turakun wuta, hukuma na da ikon karɓar filin don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da aka gina ce ko aka shuka, kuma wanda takardunsa suka cika ya fi saurin samun nasa.

Amma ba daga gwamnati yawancin rigima ke zuwa ba. Daga cikin dangi take fitowa, kuma sunanta gado.

Ga yadda abin ke faruwa. Dattijo ya rasu ya bar gona a bakin gari. Ba a raba ba, saboda kunya ko saboda babban wa yana riƙe da ita a madadin kowa. Shekaru suka wuce, gari ya matso, gona ta yi daraja. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya yanki gefe ya sayar wa mai gini, mai gini ya gina ya sayar wa baƙo. Sai ga ƙanwa da ke aure a wani gari, ko ƙane da ya daɗe a Kurmi, sun zo suna neman rabonsu. Haƙƙinsu kuwa yana nan, domin rabon gado bai faɗuwa don an ɗora bulo a kai. Matan gida su aka fi tsallakewa a irin wannan ciniki, su ne kuma 'ya'yansu ke tayar da maganar bayan shekara da shekaru.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jihar Kebbi ke aiki da shi, ya yi bayani a kan wannan dalla-dalla. Akwai haƙƙin shufa'a: idan mutane sun yi tarayya a fili ko gida da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya na da ikon biyan kuɗin da aka saya ya karɓe. A mazhabar Malik maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da wannan haƙƙi, sai tarayya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin ƙasar Hausa, ta nuna cewa wanda ke gari ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa wannan dama, amma wanda ba ya nan damarsa na nan komai daɗewar tafiyarsa. A ƙasar da samari ke tafiya cin rani su shekara ba su dawo ba, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne ga mai saye. Akwai kuma hauzi, wato idan mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gani bai ce uffan ba, ba a sauraron ƙararsa. Sai dai tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, kuma wanda ya sayi gida bara ba shi da shekara 10 da zai fake da su.

Saboda haka tambayar farko ba ta kuɗi ba ce. A tambayi mai gini daga wa ya sayi filin, shi kuma wancan daga wa ya samu, har a kai ga wanda ya sare dajin ko wanda aka raba wa gado a gaban alƙali ko malamai. Dillali zai ce, "Alhaji, wurin nan ba shi da wata matsala, ni na tsaya." Dillali la'adarsa yake nema, kuma ranar shari'a ba shi za a kira ba. Tsofaffin unguwa da liman da masu gonakin da ke iyaka da wurin su suka san gaskiya, kuma a ƙauye ba a ɓoye irin wannan ga wanda ya zo da sallama ya zauna ya tambaya. A nan ne ma za a ji ko filin ya ci burtali, ko tsohuwar maƙabarta ce, ko jingina aka ba wani ya mayar da ita tasa.

Sai ruwa. Jega na bakin Gulbin Zamfara, kuma fadamun da ke ba wannan yanki albasa da shinkafa su ne dai ke cika su tumbatsa. An ga ambaliya a 2010 da 2012, an kuma ga ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi ta rushe gidaje. Magabata ba su kafa garuruwansu a kan tudu don sha'awa ba. Filin da ya rage babu gini a gefen tsohon gari, sau da yawa akwai dalilin da ya sa aka bar shi. Mafi hatsari shi ne tsohon kududdufi, inda aka ɗebi ƙasar gina garin, daga baya aka cike shi da shara da ɓaraguzai aka daidaita. A watan Maris ba za ka bambanta shi da sauran fili ba. Bayan damina biyu ko uku cikon zai zauna, bango ya tsage daga kusurwar taga ya gangaro. Ƙasar laka ma haka take yi, ta kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana motsa fandisho.

Ga nawa ra'ayin: gidan ƙauye a watan Agusta ake dubansa. Cinikin gidaje ya fi tashi bayan kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ke hannu, wato daidai lokacin da ƙasa ta bushe ta rufe asirinta. Wanda zai iya haƙuri ya je ya ga gidan washegarin ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwan tsakar gida ke fita, ya ga ko hanyar shiga na biyuwa da mota ko babur. Wanda ba zai iya jira ba ya dubi gindin katangar maƙwabta, domin ruwa na barin zane a inda ya tsaya.

Game da ginin kansa, wanda ya gina don ya sayar ribarsa na cikin abin da ya rage, kuma inda ido ba ya kaiwa nan ake ragewa. Siminti na zuwa daga masana'antar Kalambaina a Sakkwato da wasu wurare, amma ingancin bulo ya dogara ne ga yawan yashin da aka zuba wa buhu ɗaya da kuma ban ruwan da aka yi masa. Kankare na buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. A zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, bulon da aka buga yau aka ɗora jibi ya bushe ne kawai, bai yi ƙwari ba. Filasta da fenti kuwa suna rufe komai, kamar kwalliyar amarya. A nemi birkila wanda ba shi ya yi aikin ba, a biya shi ya zo ya duba. Ya kankare bulo da ƙusa a inda ba a shafe ba, ya tona gefen fandisho ya ga zurfinsa, ya leƙa saman silin ya ga kaurin katako da ko an shafa masa maganin gara, ya ga ko an ɗaure rufin da linta. Iskar farkon damina a wannan yanki ta saba yaye kwanon da aka ɗora da ƙusa kawai.

Abu guda da ba a cika kula da shi ba shi ne tazarar rijiya da masai. A ƙaramin fuloti mai gini kan haƙa su kusa da juna don ya rage tsawon bututu. Ƙa'idar da masu aikin tsaftar ruwa ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kuma gindin ramin masai ya ɗara matakin ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. A kusa da fadama, inda ruwa ke kusa, saɓa wannan na nufin iyali su sha abin da ke kawo taifot da amai da gudawa. A auna har da masan maƙwabci, don ruwan ƙasa bai san katanga ba. Wuta kuma, ganin waya a bango ba ya nufin akwai ta. A tambaya ko taransifomar unguwar na aiki, in ba haka ba a sa kuɗin sola a cikin lissafi tun farko.

Saura biya. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, yana ba da rance mai tsawon wa'adi, amma sai da takardar mallaka da banki zai riƙe. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma takardar suke nema. Gidan ƙauye mai takardar dagaci kaɗai bai shiga wannan layi ba, shi ya sa cinikin kusan duk na kuɗi hannu ne, kuma duk hatsarin na kan mai saye. Abin da ya rage masa shi ne ya tsara biyan da kansa. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, a rubuta sharaɗin mayar da shi idan bincike ya nuna matsala. A tura kuɗi ta banki don a sami shaida. A rubuta iyakoki huɗu da sunan maƙwabcin kowace kusurwa, a kafa duwatsu a gabansu. Idan filin na gado ne, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu ko ya aiko wakili. Musulunci ya ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, amma tabbatar da hakan bayan an ci kuɗin wahala ce, don haka ya fi sauƙi a riƙe wani kaso na kuɗin, da yardar mai sayarwa a rubuce, har gidan ya ga damina ɗaya. Daga nan a ɗauki takardar ciniki a kai sashen filaye na ƙaramar hukuma a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, gwargwadon inda gidan yake, a nemi amincewa a rubuce. Mai hali ya sa a auna masa filin ya wuce ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi.