TOKIYO: KWANAN MAI HALI DA KWANAN MAI ƘARAMIN ƘARFI

Tokiyo shi ne babban birnin ƙasar Japan, can gabas mai nisa. Birnin da garuruwan da ke manne da shi suna da mutum wajen miliyon 37. Wannan ya fi yawan mutanen Nijar gaba ɗaya. A shekara ta 2024 baƙi fiye da miliyon 36 suka shiga Japan, da yawa kuma ta Tokiyo suka bi. Cikinsu akwai masu hali, akwai masu ƙaramin ƙarfi. Shin mene ne kuɗi ke saya ma baƙo a wannan birni, mene ne kuma ba ya saya?

Kuɗin Japan sunansa yen. A 2024 yen 1.000 sun yi kamar jika huɗu na sefa.

Daga filin jirgi

Filin jirgin sama na Narita yana da nisan kilomita wajen 60 daga tsakiyar birni. Mai hali yakan ɗauki taksi, ya biya fiye da yen 20.000, wato jika 80. Mai ƙaramin ƙarfi yakan shiga bas, kuɗinsa bai kai yen 2.000 ba. Hanya ɗaya suke bi, gari ɗaya suke sauka.

Wurin kwana

A nan ne bambanci ya fi girma, domin fili yana da tsada ƙwarai a Tokiyo. A wasu manyan otel, ɗaki ɗaya yakan wuce yen 100.000 a dare. Ɗakin yana da faɗi, yana can bisa bene mai tsawo, ma'aikata suna jiran kira dare da rana.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da nasa masauki. Akwai otel da ba su da ɗakuna, sai akwatunan kwana jere da juna, wani bisa wani. Tsawon kowane akwati mita biyu ne, faɗinsa mita ɗaya, bisansa ma wajen mita ɗaya. Mutum yana iya kwanciya, yana iya zama, amma ba ya iya tsayawa. Ciki akwai katifa da fitila. Kaya ana kulle su a wani wuri dabam. Maza da mata ba a haɗa su. An buɗe irin wannan otel na farko a birnin Osaka a 1979, domin ma'aikatan da jirgin ƙarshe ya bari cikin dare. Sau da yawa kwana ɗaya yakan kama yen 3.000 zuwa 5.000.

Abinci

A unguwar Ginza akwai gidajen abinci da ke sayar da sushi, wato shinkafa da ɗanyen kifi. A wasu, cin mutum ɗaya yakan wuce yen 30.000, kuma sai an kama wuri tun da wuri.

Amma kusan kowane lungu yana da ƙaramin kanti da ba ya rufewa ko da dare. A ciki ana samun curin shinkafa naɗe da ganyen teku, a kan yen 200 ko ƙasa da haka. A tashoshin jirgi akwai masu taliya da romo, inda mutum ke ci a tsaye da yen 500. Sai dai baƙo Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin romo da yawa da naman alade ake yin sa.

Yawo cikin gari

Jirgin ƙasa shi ne jakin Tokiyo. Akwai layin Yamanote da ya kewaye tsakiyar birni kamar zobe, da tasha 30, zagaye ɗaya cikin awa guda. Tashar Shinjuku kaɗai tana ganin mutum wajen miliyon uku a rana. Gajeruwar tafiya ba ta kai yen 200 ba. Taksi kuwa, da shiga kawai yen 500 ne, kuma cunkoso yakan tsayar da shi. Jirage suna daina aiki bayan tsakar dare, sai asuba. Wanda ya makara, to, ya shirya biyan taksi.

Mai son zuwa Osaka, nisan da ya haura kilomita 500, yana da zaɓi biyu. Jirgi mai gudun tsiya, wanda aka fara a 1964, yana kai shi cikin awa biyu da rabi, a kan yen wajen 14.000. Bas na dare yana cin awa takwas ko tara, amma ya fi arha, kuma ya ɗauke ma mutum kuɗin masauki na wannan dare.

Abin da kowa ke samu

Ruwan famfo na Tokiyo kowa yana sha ba tsoro. Tituna suna da tsabta. Jirgi yana zuwa kan lokaci. Ba a ba ma'aikaci goro bayan an biya kuɗin abinci, ba al'adarsu ba ce. Gidan wanka na jama'a hukuma ce ke yanka masa farashi: a 2024 ta sa yen 550. Hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634 sai an biya ake hawa, amma ginin gwamnatin birni yana da wurin kallo mai mita 202 a sama, kuma kyauta ne.

Lissafi

Ga misali. Kwana a akwati, abinci sau uku, jirgi da wanka, duka za su tashi wajen yen 7.500 a rana, wato jika 30. Babban otel, abincin Ginza da taksi suna iya kaiwa yen 150.000, wato jika 600. Kwana ɗaya na mai hali ya ci kwana 20 na ɗan'uwansa.

Kuɗi ya saya ma mai hali faɗin ɗaki, hutu da masu hidima. Amma ruwa mai kyau, hanya da kwanciyar hankali na kowa ne, domin hukuma da jama'a suna kula da su tare. Ko jika 30 ɗin ma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Saboda haka matafiyi ya yi lissafin guzurinsa tun yana gida. Hausawa sun ce, daidai ruwa daidai tsaki.