Kwana Uku Kacal: Bayani Kan Gwajin Ƙanjamau Da Maganin Kariya Ga Al'ummar Bagudo Da Garuruwan Kan Iyaka

Kamar yadda jama'a suka sani, Ƙaramar Hukumar Bagudo na ɗaya daga cikin ƙofofin da Jihar Kebbi ke hulɗa da Jamhuriyar Benin. Ta Tsamiya ake bi zuwa Segbana, ta Lolo kuma a nufi Malanville, ga kuma kogin Kwara da masunta da fatake ke bi dare da rana. Wannan zirga-zirga arziki ce, amma tana nufin akwai direbobi da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani da kan yi makonni ba su kwana a gidajensu ba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani kan abin da ya kamata mutum ya yi idan ya sadu da wani ba tare da kororon roba ba, ko kororon ya fashe, ko kuma aka yi wa mace ko yaro fyaɗe.

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Nijeriya, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma adadin bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ƙarancin adadin abin godiya ne, sai dai kada ya ruɗe mu. Mai ɗauke da ƙwayar kan yi shekaru yana cikin ƙoshin lafiya, ba rama ba tari, shi kansa bai sani ba. Ba kowace saduwa ce ke sa a kamu ba, amma haɗarin na ƙaruwa idan akwai ciwon sanyi, ko gyambo a al'aura, ko jini, kamar yadda yakan faru wajen fyaɗe.

Abin da mutane da yawa a karkara ba su sani ba shi ne akwai maganin da ke iya hana ƙwayar zama a jiki bayan ta shiga. Ma'aikatan lafiya na kiransa PEP. Ƙwayar cutar na buƙatar ɗan lokaci kafin ta hayayyafa ta bazu cikin jini, kuma a wannan ɗan tsakanin ne maganin ke tare ta. Sharaɗinsa shi ne a fara sha kafin awa 72 ta cika, wato kwana uku, kuma mafi alheri a fara cikin yinin farko. Wanda abin ya same shi daren Alhamis, to zuwa daren Lahadi ƙofa ta rufe. A nan ne mutanen kan iyaka ke yin asara: wani zai ce sai ya sayar da kayansa, wani sai ya koma gida, wani kunya ce za ta riƙe shi har mako ya zagayo. Wanda ke tsallaken iyaka kada ya jira dawowa, ya je asibitin da ya fi kusa da shi a can. Sunan cutar a bakinsu Sida ne, kuma ma'aikatan lafiyarsu sun san maganin.

Yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda ta haɗa magunguna uku, tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, kuma ana shan ta kwana 28 ba fashi. Wasu kan ji tashin zuciya ko ciwon kai ko kasala a kwanakin farko, amma wannan bai isa dalilin dainawa ba. A koma wa ma'aikacin lafiya a faɗa masa. Mai shan maganin tarin fuka, ko na gyambon ciki, ko na ƙarin jini, ya bayyana haka tun farko, domin wasunsu na rage ƙarfin maganin. Mace mai ciki ko mai shayarwa na iya sha. Muna kuma jan kunnen jama'a cewa kafso da allurar da ake saye a kemis ko a hannun masu talla ranar kasuwa ba sa yi wa wannan ƙwaya komai, haka nan wanka da sabulu ko shan jiƙo.

Game da gwaji, akwai wani kuskure da ya yawaita. Kafin a ba mutum maganin za a ɗan tsaga yatsarsa a gwada jini, sakamako ya fito cikin kamar minti 20. Wannan gwajin na farko yana nuna halin da mutum yake ciki ne tun kafin saduwar, ba abin da ya faru jiya ba, domin jiki kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku, kafin alamar ta bayyana a irin wannan gwajin. Don haka wanda aka ce ba shi da ita washegari bai tsira ba tukuna. Wajibi ne ya sha maganin har ƙarshe, ya sake gwaji bayan wata uku, kuma a tsawon wannan lokaci ya yi amfani da kororon roba da iyalinsa, ko ya ƙaurace. Magidanci mai mata biyu ko uku ya fi kowa sanin yawan rayukan da ke rataye a wuyansa.

Idan gwajin farko ya nuna mutum na ɗauke da ƙwayar, za a ɗora shi kan magani na dindindin, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta tun shekarar 2006. Mai shan sa yadda ya kamata har ƙwayar ta daina bayyana a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa, kuma mace na iya haihuwar ɗa lafiyayye. Dokar Tarayya ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda cutar, ta kuma hana fallasa sirrinsa. Waɗanda kuwa yanayin rayuwarsu ke jefa su cikin haɗarin a kai a kai, kamar wadda mijinta ke ɗauke da ƙwayar bai fara magani ba, akwai wani tsarin da ake sha tun kafin saduwa, sai a tambaya a asibiti.

Ga hakimai da dagatai da kansiloli da limamai, batun fyaɗe ne ya fi damun mu. Sau da yawa akan kwashe kwanaki ana sulhu tsakanin dangi, ko ana kai-kawo wurin 'yan sanda, yarinya na zaune a ɗaki. A fara kai ta asibiti a ranar, shari'a ta biyo baya. A can za a duba batun ɗaukar ciki da ciwon hanta da sauran cututtuka. Haka kuma muna roƙon jami'an lafiya na ƙaramar hukuma su tabbatar ƙananan asibitocin Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje da Zagga sun san inda maganin yake ko da a ranar hutu, kuma shugabannin direbobi da 'yan kabu-kabu su taimaka da abin hawa, musamman da damina lokacin da hanyoyi ke yankewa.