Musayar Fili a Amurka: Me Ya Sa Jama'a Suka Ƙi?

A jihar Montana, can arewacin Amurka, akwai wasu manyan duwatsu da ake kira Crazy. Mutane kan je can farauta da kamun kifi. Wasu kuma sukan yi kwanaki suna tafiya a ƙasa cikin daji don shan iska da motsa jiki. Suna bin turbobi, wato 'yan siraran hanyoyi na ƙafa da doki. A kan waɗannan turbobi ne rigima ta tashi.

Tushen maganar tsoho ne. A shekarar 1864 gwamnatin Amurka ta ba wani kamfani filaye don ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. An yanka ƙasar gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida eka 640. Wannan na kamfani, na kusa da shi na gwamnati, haka har ƙarshe. Daga baya kamfanin ya sayar da nasa, yawanci ga masu garken shanu. Saboda haka mai bin turba zai taka filin gwamnati, ya shiga na wani, ya sake fita zuwa na gwamnati.

Shekara da shekaru ana wucewa. Sannu a hankali wasu masu filaye suka fara sa ƙofa da kwaɗo, suna kafa allon hana shiga. A dokar Montana, idan jama'a sun bi hanya a fili har shekara 5 ba yankewa, ba kuma da izinin mai wurin ba, suna iya samun haƙƙin wucewa. Amma sai an je kotu an kawo shaida. Yawancin turbobin nan suna cikin tsofaffin taswirori, sai dai ba a rubuta haƙƙinsu a takardun filayen ba. Duk wanda ya ga yadda gona kan cinye burtali a ƙauyukanmu ya san irin wannan matsala. A 2019 wasu ƙungiyoyi sun kai Hukumar Gandun Daji ƙara cewa ta yi sakaci da turbobi, amma a 2022 kotu ba ta ba su gaskiya ba.

Sai aka kawo shawarar musaya a gabashin duwatsun. Gwamnati za ta ba da wajen eka 3,800, ta karɓi sama da eka 6,000. Za a kuma fitar da sabuwar turba mai tsawon mil 22. Wani kulob na attajirai mai suna Yellowstone Club ne ya ɗauki nauyin kuɗin turbar. Ba kyauta ya yi ba. Shi ma yana son gwamnati ta ba shi wani tsauni kusa da garin Big Sky, inda membobinsa za su riƙa wasan zamiya a kan ƙanƙara.

Wanda ya dubi lissafi kawai zai ce jama'a sun ci riba. Masu goyon baya ma abin da suka ce ke nan. Filin gwamnati zai haɗe wuri ɗaya, kuma sabuwar turba ba mai ikon rufe ta.

To, me ya sa mafarauta da masu yawon daji da yawa suka ƙi? Sun ce a dubi irin filin, a bar maganar yawansa. Cikin abin da gwamnati za ta saki akwai ƙasa ta gindin dutse, mai rafi da ciyawa, inda namun daji ke kiwo. Yawancin abin da za ta karɓa kuwa yana can sama, duwatsu ne da gangare, kuma ƙanƙara kan rufe wurin watanni. Manomi ba zai yi saurin ba da fadama eka ɗaya don a ba shi fako eka biyu ba. Wannan hujja tana da ƙarfi.

Abu na biyu shi ne tsofaffin turbobi. Cikin yarjejeniyar, gwamnati ta haƙura da neman haƙƙin jama'a a turbar East Trunk da wani sashe na ta rafin Sweet Grass. Sabuwar turba ta fi tsawo, ta fi hawa. Saurayi mai ƙarfi zai iya, amma tsoho da mai yara fa? Masu adawa sun ƙara da cewa idan wanda ya rufe hanya ya ƙare da samun fili mai kyau, gobe maƙwabcinsa ma zai sayi kwaɗo.

Dokar ƙasar ta ce kafin a yi irin wannan musaya sai an sanar, an saurari jama'a. An sanar, mutane sun rubuta ƙorafinsu, hukuma ta yi 'yan gyare-gyare. Duk da haka, a watan Janairu na 2025 Hukumar Gandun Daji ta amince da musayar.