Turkar Sa: Iri da Abinci Ke Kawo Riba

Iyalai da yawa a sansaninmu suna haɗa kuɗi su sayi sa don turka. Sana'a ce mai kyau, amma jarin gida gaba ɗaya yakan tafi a kan dabba ɗaya. Shi ya sa muke bayyana abubuwa biyu da riba ta dogara a kansu: irin san, da abin da za a ba shi.

Bokolo yana da jiki mai nama da sanyin hali, yana saurin ƙiba a turke. Bunaji yana jure zafi da ƙarancin abinci, don haka ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Rahaji ya saba da doguwar tafiya, ba ya son ɗauri, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya yi nama. Kuri kuwa na tafkin Chadi ne, yana wahala idan aka nisanta shi da ruwa. Kowane iri ne, mu zaɓi mai shekara 3 zuwa 4, mai faɗin ƙashi, ramamme amma lafiyayye. Ramamme ya fi araha, kuma yana saurin mayar da jiki. Tsohon sa da haƙoransa suka cinye zai ci jari bai cika ba.

Kara da busasshiyar ciyawa suna cika ciki ne kawai. Abin da ke gina nama shi ne harawar wake ko ta gyaɗa, da angurya ko tunkuza. Dusa tana ba da ƙarfi da kitse. A ƙara ɗan gishiri ko kanwa. A fara dusa kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa cikin mako 2, domin yawanta farat ɗaya yana kumbura ciki har ya kashe dabba. Kafin a fara turka, a nemi jami'in dabbobi ya ba da maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa muke ciyarwa. A kuma tsince leda daga wurin ɗauri.

Babban sa yana iya shan lita 40 na ruwa a rana lokacin zafi. Mu tabbatar da inda za mu samo shi ba tare da taɓa ruwan shan iyali ba.

Turka takan ɗauki wata 3 zuwa 4. Bayan haka ƙibar tana raguwa, kuɗin abinci kuwa yana ci gaba da fita. Kafin mu saya, mu haɗa kuɗin sa, na abincin dukan watannin, na magani da na kai shi kasuwa. Idan lissafin ya fi ƙarfinmu, rago ko biyu sun fi sa mai jin yunwa.